Sunan Magajin Baba Mode

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mun gyara mata zama.

To, wata Litinin ce, hantsi ya dubi ludayi, farar mota ta tsaya a ƙofar ofishin gonar. Wani saurayi ya fito daga cikinta yana kallon ƙasa kamar ƙasar ta yi masa laifi. Takalminsa baƙi ne mai tsini, sai ɗaukar ido yake. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake ɓawon albasa, ya sake tsallake wani, da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ya ciro hankici ya toshe hanci. A gonar albasa fa. Mutum ya zo gonar albasa da ƙafarsa, yana toshe hanci.

Sunansa Mujaheed. Haka yake rubuta shi, da wasali biyu a jere, shi da kansa ya sauya shi daga Mujahid bayan ya dawo daga wani kwas. Ɗan Rabah ne. An san gidansu, an san mahaifiyarsa, baiwar Allah mai fura a bakin tasha. Amma in ka tambaye shi, sai ya ce Sakkwato, cikin gari. Har "mi" ɗin garinsu ya wanke daga bakinsa, ya koma "me", irin ta masu karanta labarai a rediyo.

Gonar kuwa ta wani kamfani ce mai noman rani tsakanin Wurno da Goronyo. Suna jawo ruwa daga madatsa, shinkafa a kwari, albasa a tudu, ma'aikata ɗari da ashirin da 'yan kai. Mutum guda ce ke kula da sha'anin waɗannan ma'aikata duka, sunanta Mashkura, 'yar Magarya, shekararta shida a ofishin. Ita ke ɗaukar sabon ma'aikaci, ita ke rubuta takardar hutu, ita ke raba faɗa in direban tarakta ya zagi mai gadi. In kunama ta harbi mutum ita za ta nemo mota, in an yi rasuwa ita ke zuwa gaisuwa da sunan kamfani, in fanka ta tsaya ma ita ake kira, don an rasa wanda za a kira. A bayan idonta ana ce mata Komai-da-ruwanka. Ta sani, kuma abin yana cin ta, ba ta dai faɗa ne.

A cikin aljihun teburinta akwai wani fom da ya zo daga hedikwata mako biyu da suka wuce. Layi biyu ne a ƙasansa, kowanne da ɗan akwatinsa. Na farko: mutum ya ci gaba da kula da ma'aikata ta kowace fuska, a inda yake, ya hau a hankali, wataƙila wata rana ya shugabanci ofis. Na biyu: ya zaɓi fanni guda ya ƙware a kai, a mayar da shi Sakkwato, a tura shi kwas, a ƙara masa mataki biyu nan take. Fannin da ke da gurbi bana shi ne tantance ma'aikata da bayanansu. Sharaɗi ɗaya ne, sai babban jami'in fannin ya sa hannu cewa ya ga aikinka ya yaba. Ranar Alhamis za a rufe karɓa. Babban jami'in fannin kuma shi ne mai toshe hancin nan.

Kada ku ga laifinta, na biyun take so. Ta gaji da zama tsintsiyar kowa. Tana son a tambaye ta mene ne aikinta ta ba da amsa da kalma uku, ba ta tsaya tana lissafi da yatsu ba.

Mujaheed ya shigo, ya dubi kujerar da ta nuna masa, ya goge ta, sannan ya zauna a bakinta.

"Malama Mashkura, na ga takardunki," in ji shi. "Kin taɓa nan, kin taɓa can. Irinku kun san komai kaɗan-kaɗan, wato dai ba ku san komai ba. Ni abu guda na sani, amma in na yi magana a kansa, har manyan daraktoci shiru suke yi."

"Allah shi ƙara basira," ta ce.

"Kwana uku zan yi. Ki sa ido ki ga yadda ake aiki. In na ga kina da kai, to."

Aikin da ya kawo shi shi ne zaƙulo ma'aikatan bogi, waɗanda sunansu ke cikin fayil amma babu su, ko kuwa wani ne ke amsa sunan wani. Dabararsa, wadda ya ce shi ya ƙirƙiro ta, ita ce ma'aikaci ya tsaya gaban na'urar hannu tana ɗaukar hotonsa da muryarsa, a yi masa tambaya uku daga cikin fayil ɗinsa. Sunansa. Ranar da ya kama aiki. Sai ta uku, wadda Mujaheed ke kira tarko: sunan magajin da ka rubuta. Wanda ya sato sunan wani, in ji shi, zai haddace na farko da na biyu, amma a na uku yake faɗawa.

Aka jera mutane a inuwar rumfar albasa. Matasa suka wuce sumul. Sai aka zo kan Inna Hassana, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Ta faɗi sunanta, ta faɗi shekarar da ta kama aiki, har da cewa shekarar da ruwa ya ci gada ce.

"Sunan magajinki?"

"Maigidana ne."

"Sunansa nake tambaya."

Inna Hassana ta ja mayafi ta rufe baki. "Malam dai. Baban su Rumaisa."

"Baiwar Allah, suna."

Ta juya ta dubi matan da ke bayanta, suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Shekara arba'in tana aure, ba ta taɓa kama sunan mutumin nan ba, ko a ɗaki su biyu, balle a gaban jama'a da tsakar rana, ga na'ura a fuska. Mujaheed ya ja jan layi kan sunanta a na'urarsa.

Kafin la'asar jan layi ya kai goma sha tara. Mata bakwai da suka rubuta mazajensu, maza goma sha biyu da suka rubuta 'ya'yansu na fari. Na ƙarshensu Baba Mode ne, mai buɗe ƙofar ruwa, dattijo ɗan Shinaka, wanda in ya yi lattin rabin sa'a shinkafar kwari takan nuna. Da aka tambaye shi, ya ce, "Yaron wajena ne, babban." Aka sake tambaya, ya ce, "Shi ɗin dai."

Mujaheed ya fita waje inda waya ke kamawa, ya ɗaga murya yadda har masu ɗaure buhu za su ji. "Ranka ya daɗe, goma sha tara. A rana ɗaya. Ai na faɗa muku gonar nan a ruɓe take."

Da ya dawo, Mashkura ta rufe ƙofa ta ce, "Yallaɓai, mutanen ga ba na bogi ba ne. Na san gidan kowane. Kunya ce. Mace ba ta kama sunan miji, uba ba ya kama sunan ɗan fari."

Kuna tsammanin bai sani ba? Ya sani sarai. Shi kansa ɗan fari ne, har yau uwarsa "wannan" take ce masa.

"Na san da wannan ƙauyancin," ya ce. "Amma babu gurbinsa a tsari. Tsari ya ce ya faɗa da bakinsa. Bai faɗa ba, ya faɗi. Abin da nake nuna miki ke nan, ƙwararre ba ya barin sanayya ta shiga masa aiki. Gobe da jibi zan sake kiran su sau ɗaya, don ƙa'ida ta ce a sake. Sannan ki sa hannu a jerin, ke ce mai ofis, a sallame su."

Ta kai maganar gaban manaja, Alhaji Kabiru. Shi kuwa mutum ne da in waya ta yi ƙara daga Sakkwato, tsaye yake amsa ta, hula a hannu. Ya saurare ta yana sakace, ya ce, "To ni mi zan ce? Su sunka aiko shi. Ku daidaita, ku ne masu takardu."

Nan ne sanin komai kaɗan-kaɗan ya yi rana. Mashkura ta tuna cewa a littafin dokokin ma'aikata, can wajen ƙarshe inda ba mai karantawa, an ce ma'aikaci na iya sauya magajinsa duk ranar da ya so, fom guda ne, kuma ofishinta ke karɓa, ba hedikwata ba. Ta buga fom goma sha tara. Ranar Talata ta bi su ɗaya-ɗaya, daga rumfa zuwa fadama, da tawadar dangwale a jaka. Inna Hassana ta cire Malam ta sa autarta Rumaisa, tana cewa, "Kada dai shi ji, ya ce na sake shi a takarda." Maza suka cire na fari suka sa na biyu ko na uku, waɗanda ake kira da suna har a haɗa da zagi. Kafin azahar ɗin Laraba, goma sha takwas sun tsaya gaban na'ura sun faɗi sunan magajinsu da ƙarfi, kuma sunan ya dace da na fayil.

Saura Baba Mode. Shi ya ƙi dangwalawa.

Ta same shi a bakin babbar ƙofar ruwa, yana zaune kan siminti, ƙarfen juya ƙofar a kan cinyarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sake miƙa masa fom ɗin.

"Baba, Zakiyya za ka sa. Ɗiyarka ce ita ma. Dangwale guda ne."

"Na ji ki tun jiya, ɗiyata."

"To mi ya hana?"

Ya mayar da idonsa kan ruwan. Ta san labarin, kowa ya sani. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka shiga Shinaka suka tafi da mutane, har da babban ɗansa. Wasu sun dawo. Shi ba a ji ɗuriyarsa ba, ba a kira waya ba, ba a ga komai ba.

"In na cire sunanai daga takarda," ya ce, "na ce ya mutu ke nan. Ni kuwa ban ga gawa ba. Uwatai kullum tana aje mai tuwo."

"To ka faɗi sunan, Baba. Sau guda. Ni zan kau da kai."

"Shekara talatin da ɗaya ban kira shi ba, shina gabana, shina cin abinci da ni. Yanzu da ba shi nan zan kira shi, don wanga yaro mai hankici ya ji?" Ya girgiza kai. "Su riƙe aikinsu. Ni iyakata da sunan nan, in ina tilawa da asuba na biyo ta ayar da annabin yake ciki, mai sunan nasa, sai in ɗan tsaya. Nan kaɗai yake ratsa bakina. Wannan kuwa ba kira ba ne, karatu ne."

Mashkura ta naɗe fom ɗin ta mayar jaka. Ta juya ta koma.

A ofis ta tarar da Mujaheed yana safa da marwa. Goma sha tara ɗinsa da ya yi shela da su sun zama ɗaya.

"Mi kika yi mini haka?" ya ce, sannan ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya gyara murya. "Me kika yi, nake nufi."

"Shafi na arba'in da biyu, yallaɓai. Haƙƙinsu ne."

Ya buɗe littafin, ya karanta, ya rufe. Bai taɓa kaiwa shafin ba, ba fanninsa ba ne. Ya zauna, ya sassauta murya, irin sassautawar mai sayen akuya da ya ga mai ita na sauri.

"Bari mu yi maganar manya. Ba zan koma hannu rabbana ba. Na riga na yi waya. Ɗaya ma ya isa a rubuta rahoto, a ce tsarin ya kama. Tsohon nan ko yau ko gobe zai ajiye aikin. Ki sa hannu a kan sunansa, ni in sa hannu a kan fom ɗinki. Wata mai zuwa kina Sakkwato, ofis mai sanyi, ba mai kiran ki don fanka. Ko kuwa ki tsufa a nan kina warin albasa, kina raba faɗan mai gadi. Zaɓi naki ne."

Ya ajiye takardun biyu a gabanta, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗora biro a tsakani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ta dubi fom ɗin nan fiye da yadda ta dubi jerin. Ta ga kanta a aji, tana koyon abu guda har ƙarshensa, abin da ba ta taɓa samu ba tun da ta fara aiki. Ba mugun buri ba ne. Ƙwarewa ba laifi ba ce, akwai masu ita na kirki, sai dai ba su ne suka zo a farar mota ba. Ta ɗauki biron, ta juya shi, ta mayar inda yake.

"Ƙa'ida ta ce a sake kiran shi sau guda," ta ce. "Ba a sake kiran shi ba tukuna. Gobe da safe."

"Ai ba zai faɗa ba."

"To ka ga ba ka da asara."

Da yamma ta sake komawa bakin ruwa. Abin da suka tattauna da Baba Mode bai fi minti biyar ba. An dai ga ya shafa gemu, ya ce, "A gaban mutane?" Ta ce, "Karatu ne, Baba. Kai ka ce."

Ranar Alhamis da safe ba a buɗe ruwa ba, don mai buɗewa na tsaye gaban rumfa. Labari ya zaga, ma'aikata suka bar abin da suke yi suka taru. Alhaji Kabiru ma ya fito, ba don Mode ba, don shinkafa. Mujaheed ya ɗaga na'urarsa.

"Sunanka?"

"Muhammadu Mode Shinaka."

"Ranar kama aiki?"

Ya faɗa.

"Sunan magajinka?"

Baba Mode ya cire takalmansa. Ya gyara tsayuwa, ya yi a'uziyya, ya yi basmala, ya jawo aya daga sama kaɗan, da ƙira'ar tsofaffi, a hankali, ba ya kallon kowa. Maza suka sauke buhunan da ke kafaɗarsu. Mata suka gyara lulluɓi. Da ya iso wurin, muryarsa ta ɗan karye, amma sunan ya fita, kowa ya ji shi: Iliyasu. Ya tsaya daidai tsawon numfashi guda, sannan ya ƙarasa ayar, ya shafa fuska, ya mayar da takalmansa.

Inna Hassana na share ido da bakin mayafi.

"Wannan ba amsa ba ce," in ji Mujaheed. "Karatu ya yi."

"Da bakinsa sunan ya fita, yallaɓai," Mashkura ta ce. "Na'urarka ta ɗauka. Tsarin bai ce kada a haɗa shi da wasu kalmomi ba. Ga fayil, a duba."

Mujaheed ya juya wajen manaja yana neman agaji. Alhaji Kabiru ya dubi mutum ɗari da ke tsaye, ya dubi kwarin shinkafa da ke jiran ruwa, ya auna wanda ya fi kusa da shi tsakanin su da Sakkwato.

"Malam Mujahid," ya ce, "ka ji sunan ko ba ka ji ba?"

"Na ji, amma..."

"To ni dai ba ni cikin waɗanda za su rubuta cewa aya ba ta karɓu ba. In kai za ka rubuta, ga biro, ka sa sunanka kai kaɗai."

Ina fa. Ƙwarewar ba ta kai nan ba. Ya tsaya da na'ura a hannu, gumi na bin wuyan rigarsa, sannan ya goge jan layin da ɗan yatsa. Baba Mode bai jira a ce ya tafi ba, ya ɗauki ƙarfensa ya nufi ƙofar ruwa.

Kafin azahar Mujaheed ya haɗa jakarsa. Ya tsaya a bakin teburin Mashkura, ya ɗauki fom ɗinta da yatsu biyu, ya sake shi ya faɗo.

"Ba ki dace da fannin ba," ya ce. "Ba ki iya tsayawa kan abu guda."

"Haka ne, yallaɓai. A sauka lafiya. A gai da innarka in an biya ta Rabah."

Ya juya ya fita. Da motar ta tashi, Mashkura ta jawo fom ɗin, ta sa alama a akwatin farko, ta sa hannu, ta ba direban da ke kai albasa Sakkwato. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi kuka ba. Tana cikin rufe aljihun tebur aka leƙo aka ce mai gadi da direban tarakta sun sake kamawa, ta tashi ta fita.

Mujaheed ya koma ya rubuta rahoto mai shafi talatin cewa ya tantance ma'aikatan gonar kaf bai bar ko ɗaya ba, ya kuma ba da shawarar a riƙa sabunta sunan magaji kafin tantancewa, a matsayin dabarar da ya gano a fagen aiki. Aka yaba, aka ƙara masa girma, yanzu shi ke koyar da ita a kwas. Gurbin Sakkwato aka ba wani ɗan ƙanwar darakta. Alhaji Kabiru ya yi ritaya, yana ba da labarin ranar a majalisa kamar shi ya shirya ta. Malam ya ji zancen takarda, ya yi kwana biyu ba ya cin tuwon Inna Hassana, sannan ya ci. Mashkura tana nan a ofishinta, mataki guda aka ƙara mata a shekara uku, ma'aikatan sun kai ɗari da hamsin. Baba Mode yana buɗe ruwa kullum bayan asuba. Babban ɗansa har yau ba a ji labarinsa ba, kuma sunansa na nan a fayil.